Kama da Alama da Shaida: Daga Kwarin Fulatari zuwa Duwatsun Mars

Fari biyu ne a kwarurukan ƙasar Manga, tsakanin tuddan yashin da suka shimfiɗu daga Gure zuwa Maine Sorowa da Fulatari. Na farko kanwa ce. Idan damina ta ɗauke, rana ta fara tsotse danshin ƙasa, sai ta fito a fuskar laka, ta yi ɓawo, ta yi ƙuraje, wani wurin har ta yi 'yan rassa sai ka ce shuka. A kankare ta a ɗora wa jaki, bayan ɗan lokaci ta sake fitowa a gurbin. Na biyu wata farar ƙasa ce marar nauyi, mai marmashewa a hannu, da ke kwance shimfiɗa-shimfiɗa a ƙarƙashin yashi da gefen tsofaffin tafkuna. Ba ta tsirowa, ba ta ƙaruwa, ba ta da siffar komai.

A tsayar da mutum gaban su biyun a tambaye shi wacce ce ta taɓa rayuwa, kanwar zai nuna, kuma ba mai ganin laifinsa. Amma kanwa ba ta taɓa rai ba. Gishiri ce ta sinadaran sodiyam da kabonet, ruwa ya narkar ya ɗauko, ya bar ta a baya da ya tashi sama. Ita kuwa farar ƙasar da ido ya raina, kusan dukkanta gawa ce. Kwansuna ne na wasu ƙananan tsirran ruwa da masana ke kira dayatom, dangin gansakuka, kowanne ƙwaya ɗaya tak, kowanne ya gina wa kansa ɗaki da sinadarin da ake yin gilashi da shi. Sai an sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma ake ganin wasu zagayayyu, wasu dogaye masu tsini biyu, da 'yan ramuka a jere babu wanda ya kauce.

Sun rayu ne sa'ad da ƙasar nan take ruwa. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka. Inda garin Diffa yake a yau, da filin Kadzel, da gonakin tattasan bakin Komadugu, duk suna ƙarƙashinsa, kwarurukan Manga kuma cike suke da nasu ruwan. Tsohuwar gaɓarsa tana nan, dogon tudun yashi ne da ya ratsa ta Bama da Maiduguri. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka kai wajen 8,000. Hazon hunturu ma da ke shiga mana ido da maƙogwaro, babban rabonsa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso shi, kuma kwansunan dayatom ɗin nan ne da suka zama gari.

A kan gadon mataccen tafki muke zaune ke nan. Ita ma motar bincike mai suna Perseverance, wadda hukumar sararin samaniya ta Amurka ta saukar a duniyar Mars ranar 18 ga Fabrairu 2021, a kan gadon mataccen tafki aka ajiye ta: kwarin Jezero, mai faɗin kilomita 45, inda wani kogi ya taɓa zuba lakarsa fiye da shekara biliyan 3 da suka wuce. Tambayar da aka aike ta da ita ita ce tambayar fari biyun nan. A cikin abin da ruwa ya bari, wanne ne ma'adini, wanne ne ya taɓa rai?

Da ƙashi ake nema, da magana ta yi sauƙi. Ƙasusuwan Gadufawa, a hamadar Tenere, ba su buƙatar lauya. Wanda ya je gidan tarihin Bubu Hama da ke Yamai ya tsaya gaban ƙwarangwal ɗin dabbobin da aka tono a can tun zamanin aikin masani Philippe Taquet a shekarun 1960, ba zai ce dutse ne ya yi wasa ba, ga haƙarƙari, ga muƙamuƙi, ga gaɓoɓi. To amma lokacin da Mars take da ruwa, duniyarmu kanta ba ta da kifi, ba ta da ciyawa, ba ta da tsutsa. Ƙwayoyin halitta ne kawai, irin na bakteriya, marasa ƙashi marasa haƙori. Siffarsu ba ta wuce ɗigo da sanda da zare ba. Ɗigo da sanda da zare kuwa su ne siffofin da ma'adini ya fi iya yi.

Hausa ta raba abin da ido ke kawowa gida uku, kuma ina ganin duk rigimar masana ta shekara ɗari da hamsin a kan wannan batu cikin kalmomin uku take. Akwai kama. Kama aikin ido ce, ba ta da nauyi, shi ya sa aka ce kama da wane ba ta wane. Akwai alama. Alama ta fi kama daraja, don tana nuni ga abin da ba ya wurin: hadari ya haɗu a gabas, an ce alamar ruwa, amma manomi ya san hadarin da ke watsewa da iska. Sannan akwai shaida, wadda ake yanke hukunci a kanta. A gaban alƙali ba a karɓar ta don ta yi daɗin ji. Sai an yi wa mai ba da ita tazkiyya, an binciki inda yake a ranar, an ga ko maganarsa ta dace da ta wani.

Kalmar da muke amfani da ita a rediyo da littattafan makaranta, wato burbushin halitta, ta riga ta yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. Burbushi ragowar abu ne. Wanda ya ce ya ga burbushi ya riga ya ce an ci wani abu a wurin. Don haka kalmar tana da tsada, bai kamata a kashe ta a kan abin da bai wuce matakin kama ba.

An sha kashe ta a banza. A 1865 John William Dawson, shugaban jami'ar McGill a Kanada, ya sa wa wasu layuka masu kore da fari cikin tsohon dutse suna Eozoon, dabbar asubahin duniya. Charles Darwin ya yarda, har ya ambace ta a bugu na huɗu na littafinsa kan asalin jinsuna a 1866. A 1894 aka samu irin layukan sak a cikin duwatsun da dutse mai aman wuta na Besubiyas a Italiya ya tofar. Zafi ne ya yi su.

Wanda ya fi girgiza duniya shi ne ɗan dutsen da aka tsinta a ƙanƙarar Antatika cikin Disamba 1984, nauyinsa bai cika kilo 2 ba, aka ba shi lamba ALH84001. Daga Mars ya fito. Wani abu ya daki waccan duniyar ya watso shi sarari, ya yi ta yawo har ya faɗo nan. A watan Agusta 1996 David McKay da abokan aikinsa na cibiyar Johnson a Houston suka bayyana cewa sun ga abubuwa huɗu a cikinsa: ƙwallayen kabonet da suka samu a cikin ruwa, sinadarai masu ɗauke da kabon irin waɗanda ruɓewar halitta ke bari, ƙananan tsakuwoyin maganaɗisu masu kama da waɗanda wasu bakteriya ke ƙerawa a cikinsu don gane arewa, da wasu siffofi kamar tsutsa. Shugaban Amurka Bill Clinton ya fito ya yi jawabi a kai. Hoton tsutsar ya zagaye duniya, kuma shi ne ya fara faɗuwa, don girmanta bai kai na mafi yawan bakteriyar da aka sani ba da nisa, har ana shakkar ko kayan cikin ƙwayar halitta za su shiga ciki. Maganaɗisun ya fi daɗewa a tsaye. Sai a 2001 wasu masana a cibiyar guda, cikinsu har da Gordon McKay, ɗan'uwan David na jini, suka gasa kabonet mai ƙarfe a ɗakin gwaji suka samu tsakuwoyi masu kama da su, ba tare da wata halitta ba. A 2022 Andrew Steele da jama'arsa suka nuna cewa sinadaran kabon ɗin ma na iya samuwa daga haɗuwar ruwa da dutse kawai.

Ban ga abin zargi ga McKay ba. Bai ƙirƙiri komai ba, abin da ya gani yana nan a cikin dutsen har gobe. Alamu huɗu ya kawo, yana ganin taruwarsu ta isa shaida. Amma idan kowace alama tana da wata ƙofar da za ta iya shigowa ta ita, tara su ba ya rufe ƙofofin. Daga wannan rigima ce ƙa'idar da ake jingina wa Andrew Knoll na jami'ar Harvard ta samu gindin zama: bai isa a ce rai zai iya yin wannan abu ba, sai an nuna cewa abin da ba rai ba ba zai iya yin sa ba.

A nan ne kanwa ta dawo cikin magana, ba a matsayin misali ba, a matsayin mai laifin kanta. A 2003 wani masani ɗan Sifaniya, Juan Manuel García-Ruiz, ya nuna cewa idan aka haɗa sinadarin yashi da kabonet a cikin ruwa mai kaifin kanwa, aka ƙyale su, da kansu za su murɗe su zama zare, su zama tsutsa mai gaɓa-gaɓa, su zama ganye. Siffofin sun yi kama ƙwarai da waɗanda William Schopf ya bayyana a 1993 daga duwatsun yammacin Ostareliya masu shekara kusan biliyan 3.5, ya ce su ne burbushin halitta mafi tsufa, Martin Brasier kuma ya ƙaryata a 2002. Daga baya García-Ruiz da abokansa suka ɗebo ruwan Tafkin Magadi na Kenya, wanda tafkin kanwa ne, suka samu bututu da ƙwallaye masu fata sun tsiro a cikinsa. Irin wannan ruwa muke da shi. A 1972 ma an samu wani sabon ma'adini na sodiyam da sinadarin yashi a ramukan kanwa na Kanem, a ɗaya gefen Tafkin Chadi, aka raɗa masa sunan ƙasar, kanemite.

Da a ce ruwan kanwa ƙarya kawai yake haifa, da sai a guje shi. To a cikin tafkunan kanwa na Kanem ɗin ne matan Kanembu ke tace wani koren abu da suke kira dihe, su shanya shi a kan yashi, a sa a miya. Ƙwayoyin halitta ne masu rai, zare-zare ne masu murɗewa, daga cikin tsofaffin zuriyoyin da duniya ta sani. Ruwa ɗaya, zare biyu masu murɗewa, ɗaya rayayye, ɗaya ma'adini. Wannan shi ne ainihin wahalar aikin, kuma ban ga an cika faɗa wa jama'a shi ba. Wuraren da aka fi sa ran samun rai, tafki mai gishiri, maɓuɓɓugar ruwan zafi, laka mai ƙarfe, su ne wuraren da ma'adini ya fi ƙwarewa wajen kwaikwayonsa. Duk wanda ya je neman ɗaya, cikin gidan ɗayan zai shiga.

Yashin gabashin Nijar yana da nasa tagwayen. Idan tsawa ta faɗa kan tudu, takan narkar da yashi ta bar bututu mai rassa yana nutsawa ƙasa, sak saiwar itace. An samu irinsu da yawa arewa da ƙasar Manga, wajen yashin Bilma. A yankin kuma akwai bututun da ƙarfe ko farar ƙasa suka taru jikin saiwar ciyawar bakin ruwa, saiwar ta ruɓe, bututun ya saura. Daga waje ɗaya ne. A fasa na tsawa, cikinsa sumul yake yana sheƙi, don gilashi ne. Na saiwa ba ya sheƙi, kuma idan aka bi inda yake kwance za a ga yana bin layi ɗaya a gefen kwari, layin da ruwa ya taɓa tsayawa. Kakanninmu ma sun yi irin wannan hukuncin ta bayan gida: gogaggen dutsen da ake tsinta a gona bayan ruwan sama suka kira gatarin aradu, suka ba sama abin da hannun mutanen dā ya wasa.

Akwai kuma rai da bai bar siffa ko ɗaya ba. Man da ake haƙowa a Agadem, a arewacin jihar nan ta Diffa, ake turawa matatar Damagaram tun 2011, ragowar ƙananan halittun ruwa ne. Babu mai ganin kan halitta ko jelarta a cikin ganga. Amma a cikin ɗanyen mai akwai ƙwayoyin kitse masu wani irin gini da fatar ƙwayar halitta ke yi, kuma da su masana ke gane asalinsa. Haka nan rai yakan fi son kabon mai sauƙi, mai lamba 12, a kan mai lamba 13, har a ga bambancin a abin da ya bari. Wannan ma an gwada an ga ruwan zafi da ƙarfe na iya barin irinsa. Kowace hanya, ita kaɗai, tana da inda take yoyo.

Makiyayin Fulatari da saniyarsa ta ɓace ya san maganin wannan. Ba ya tsayawa kan sawu ɗaya, don iska na iya kwashe yashi ta yi rami mai kama da kofato. Yana neman na biyu da na uku, ya ga ko tazararsu ta tafiyar dabba ce, ya duba kashi, ya duba reshen da aka ci, ya duba ko hanyar ta nufi rijiya. Abin da ke gamsar da shi shi ne yadda abubuwa daban-daban suka yarda da juna a wuri ɗaya, kowanne a inda ya kamata a same shi. Ɗauke sawun daga wurinsa, in da zai ɗauku, ba abin da zai faɗa maka.

Da wannan idon ya kamata a karanta labarin dutsen da Perseverance ta tsaya a kansa cikin Yuli 2024, a tsohuwar hanyar kogin da ke shiga Jezero, aka sa masa suna Cheyava Falls. Busasshiyar laka ce ja, jikinta da ɗigo-ɗigo masu haske a tsakiya da baƙin baki, kowanne wajen milimita ɗaya, shi ya sa aka ce da su zanen damisa. A ranar 10 ga Satumba 2025 Joel Hurowitz da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon a mujallar Nature. A cikin lakar akwai sinadarai masu kabon. A ɗigon kuma akwai alamun ma'adinai biyu na ƙarfe, ɗaya haɗe da fosfet, ɗaya haɗe da farar wuta. A ƙasan tafkunan duniyarmu, irin waɗannan biyun sukan samu ne inda bakteriya ke cin ruɓaɓɓen abu. Suna iya samuwa ba tare da rai ba idan dutsen ya sha zafi mai tsanani ko ruwa mai tsami ƙwarai, kuma masu binciken sun ce ba su ga alamar hakan ta faru da shi ba. Na'urar da ta auna ɗigon, Abigail Allwood ce ta jagoranci ƙera ta, matar da ta je Girinlan, a 2018 ta nuna cewa wasu siffofi da aka ce ginin halittu ne na shekara biliyan 3.7, matsewar dutse ce kawai.

Masu binciken ba su ce sun ga rai ba. Sun ce sun ga abin da zai iya zama alamar rai. Wannan jimla tana da tsawo, ba ta da daɗin kanun labari, kuma idan ta bi baki uku ko huɗu takan koma "an gano rai a Mars". Ina roƙon masu fassara labarai da masu karanta su a gidajen rediyonmu su bar ta da tsawonta. Ta wuce kama, ba ta kai shaida ba, kuma muna da kalmar da ke tsakani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: an huda dutsen, an rufe ɗan guntunsa cikin bututun ƙarfe, yana can a Mars. Kwamitin da ya duba shirin ɗauko irin waɗannan bututun a 2023 ya ƙiyasta kuɗinsa tsakanin dala biliyan 8 da 11.

Mars kuwa ta riga ta aiko mana da nata ba mu biya ko sisi ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a Zagami, ƙasar Katsina. Ba launinsa ne ya nuna asalinsa ba. A 1995 aka auna iskar da ta maƙale cikin ƙananan aljihun gilashi na jikinsa, ta yi daidai da iskar Mars da kumbon Viking suka auna a 1976. Wannan ita ce shaida. A Nuwamba 2023 kuma aka tsinci wani a jihar Agadas, mai kusan kilo 25, mafi girman guntun Mars da aka sani a doron ƙasa. Ranar 16 ga Yuli 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan 5.3, gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. Sunan da duniya ta san shi da shi, NWA 16788, yanki kawai ya ambata, arewa maso yammacin Afirka. Na Katsina ya tafi da sunan ƙauyensa, na Agadas ya tafi da lamba.

Abin da ke damuna ke nan, fiye da kuɗin. Ƙasar da ke da mataccen tafki, da kanwa, da dayatom, da bututun tsawa da na saiwa a kwari ɗaya, ita ce makarantar da ta dace a koyi raba ma'adini da burbushin halitta, kuma 'ya'yanta ne suka fi cancanta su iya. Jami'ar Diffa tana nan tun 2014. Madubin ƙara girma mai kyau da malami ɗaya mai haƙuri sun isa a fara da farar ƙasar Manga. Kai kuma ɗan'uwa makiyayi, da kai mai haƙar rijiya, da ke mai kankarar kanwa, idan kuka ci karo da ƙashi ko baƙin dutse mai nauyi ko wani abin da ba ku saba gani ba, kada ku yi gaggawar tsige shi. Ku ɗauki hotonsa da waya yana kwance a inda yake, ku riƙe sunan kwarin da zurfin ramin, ku sanar da maigari da hukuma kafin dillali ya ji labari.